Ranar da Dada Ta Yi Guɗa

Shekara ashirin da tara ke nan Dada ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, kuma ba ta da niyyar farawa yanzu don kawai rediyo ya ɗauki sunan yana yawo da shi gari gari. Sunansa Abdulgafar, mu da ba mu haife shi ba muna iya faɗa. A bakinta kuwa shi ne “wancan”. In ta ji daɗinsa ya zama “mutumin”, in ya ɓata mata rai ya koma “ɗan gidan Alhaji”. Haka ta taras ana yi wa ɗan fari a Sheme: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Matan yanzu sun sassauta, har ka ji yarinya tana ƙwala wa ɗan farinta kira a tsakiyar kasuwa ko a jikinta. Dada ba ta sassauta ba ko kaɗan.

Matsalar ita ce wancan ɗin bai zaɓi sana'ar da za a iya kawar da kai daga gare ta ba. Da malamin makaranta ya zama, ko mai shago, da shi ke nan. Sai ya tashi ya zama mai tsaron gidan Tauraron Arewa, ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ke buga gasar ƙwararru ta ƙasa. Masu sharhi suna ce masa Ɗan Sheme, hotonsa kuma yana manne a tankin babura daga Faskari har Sabuwa. Duk lokacin da mata suka taru suka ɗauko zancensa, sai Dada ta tuna ta bar wani abu a wuta, ta miƙe ta fice. Saboda haka kowa ya shaida cewa Dada ba ta son ƙwallo. Akwai ma hujja, don yana ɗan shekara tara ta taɓa sa wuƙa ta farke masa ƙwallo bayan ya fasa mata randa. Wannan kam ta yi, kuma har gobe ba ta nadama, don randar ta kakarta ce.

Abin da ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kai shi ne murhunta. Shekara shida da suka wuce, watan da aka ɗauki Abdulgafar a ƙungiyar, Dada ta kwashe duwatsun murhu daga tsakar gida ta mayar da su jikin bangon zaure. Ta ce iska ce ke tura mata hayaƙi cikin ɗaki. A saman bangon akwai 'yar taga da ba ta fi tafin hannu biyu ba, a ɗaya gefen kuma nan mijinta Alhaji Badamasi, dillalin hatsi, yake shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ya kunna rediyo, mutanensa su kewaye shi. Cikinsu akwai ƙanensa Barau, direban da ke jigila tsakanin Kankara da Sheme. Barau yana da babbar waya, kuma Allah bai yi shi da iya kallon abu shiru ba. Duk ƙwallon da aka ci a gasar sai ya kalle ta sau uku, yana faɗa wa dattawan da idonsu ya yi rauni wanda ya ba wa, da ƙafar da aka buga, da inda gola ya faɗi. Dada ba ta taɓa kallon wasa ba, amma babu ƙwallon da ta shiga raga a shekara shida ba ta ji yadda ta shiga ba.

Wata ranar Alhamis, zauren ya cika har bakin ƙofa, don gasa ta zo ƙarshe. Ƙungiyoyi takwas na saman teburi su ne za su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda ta ɗaya za ta kara da ta takwas, ta biyu da ta bakwai, ta uku da ta shida, ta huɗu da ta biyar. Tauraron Arewa tana ta shida, saura mata wasa ɗaya ranar Asabar. In ta yi nasara ko canjaras ta zauna inda take, ta haɗu da 'Yan Teku da ke ta uku. In aka ci ta kuwa ta zame zuwa ta bakwai, ta faɗa hannun Maƙera da ke ta biyu.

Duk zauren 'Yan Teku yake so. Ba a ɓata lokaci kan ta ɗaya da ta takwas ba, an ce wannan yanka ne kawai, a yi wa ta takwas addu'a. Ta huɗu da ta biyar maƙwabta ne da ba sa ga maciji, Barau ya yi alkawarin za a ga jan kati kafin a tafi hutun rabin lokaci. Amma da aka zo kan Maƙera sai muryoyi suka yi ƙasa. Suna da wani ɗan gaba mai lamba tara, ana ce masa Guduma, ya ci ƙwallo goma sha tara a bana. Barau ya ce shi ko a waya ba ya son ganin mutumin nan. 'Yan Teku kuwa, in ji shi, 'yan bayansu sun tsufa, kocinsu kuma ba ya shiri da kyaftin. Alhaji Badamasi ya kawo tasa hujjar, wadda ya fi yarda da ita: mutanen bakin teku kifi suke ci, ba tuwon dawa ba, don haka ba za su iya gudun minti casa'in ba. Aka yi ta gyaɗa kai kamar ya karanto hadisi.

A bayan bango Dada tana zaune kan kujera 'yar tsugune da faifai a cinya. Wanda ya shigo zai ɗauka tsintar hatsi take yi. In ya duba da kyau zai ga tsibi takwas ne ƙanana, kowanne yana fuskantar abokin karawarsa. Shinkafa ita ce 'Yan Teku, baƙin wake Maƙera, jar dawa Tauraron Arewa, a bayan dawar kuma akwai dabino guda ɗaya da ba ta taɓa ba shi suna ba. Ta tura dawar gaban shinkafa, ta dube su, ta ja tsaki. Ta janye ta ta kai gaban baƙin wake, nan ne fuskarta ta ɗan saki. Da Alhaji ya zo kan maganar kifi sai da ta buɗe baki za ta ba bango amsa, ta tuna kanta, ta mayar da shi tari.

Tana cikin haka surukarta Sumayya ta zo ta durƙusa gefenta. Sumayya matar Abdulgafar ce, tana zaune a gidan da 'yarsu Bilki saboda shi yana sansanin ƙungiya, kuma hanya ba ta barin mutum ya riƙa zuwa gida yadda yake so. Ita ma ba ta kiran sunansa, Baban Bilki take cewa. Kenan mutum biyu da suka fi kowa sonsa a duniya, in suka zauna zancensa, sai ka rantse maganar wani baƙo suke yi. Dada ta yi maza ta watsa tsibin da hannu, ta tambaye ta ko lafiya.

Sumayya ta yi ta murza bakin zane kafin ta faɗa. Baban Bilki ya kira da rana. Ƙungiya ta ba shi takardar ƙarin shekara biyu, ta kwana goma a jakarsa bai sa hannu ba. Ya ce in an gama zagayen nan zai ajiye safar hannu ya dawo ya kama wa Alhaji a rumfar hatsi. Ba don ya gaji ba, ba kuma don ciwo ba. Ya ce shekara shida yana lura, ko a waya aka ambaci ƙwallo sai Dada ta miƙa wa wani ta tafi, kuma shi ba zai ƙara tsufa cikin sana'ar da uwarsa ba ta sa wa albarka ba.

“To ni wa ya tambaye ni?” in ji Dada. “Kowa ya san abin da ya fi mashi.”

Haka ta ce, ta juya ta hau gyara itace. Amma gabanta ya faɗi, faɗuwar da ba ta ji irinta ba tun ranar da aka ce mata ya karye a hannu yana ɗan saurayi. Ita da take ficewa don kada a ga yadda fuskarta ke washewa in an yabe shi, ashe shi ƙiyayya yake karantawa. Ta ji tsoro, ta kuma ji haushinsa, mutum har ya haihu bai san kunya da ƙi ba. Ranar nan gishiri sau biyu ya shiga miya, Alhaji ya cinye a haka don ya ga fuskar ba ta tambaya ba ce.

Juma'a ta wuce tana shirya maganar da za ta aika masa, tana rushewa. Duk yadda ta juya ta sai ta ga akwai yabo a ciki, yabon ɗan fari kuwa ba ya fita a bakinta.

Ranar Asabar da la'asar aka kunna rediyo. Dada ta ɗora tukunya don a ga dalilin zamanta, ta ɗauki faifai. Wasa ya yi ta tafiya babu ci, zaure yana murna, don canjaras ya ishe su. Ita kuwa tana cikin wani hali da ba ta taɓa shiga ba. Ba ta son a ci ɗanta, kuma ba ta son 'Yan Teku. Ta rasa yadda za ta yi addu'a, daga ƙarshe ta roƙi Allah, in dai za a ci, to ya zama ba laifin wancan ba ne. Saura minti biyu a tashi aka bugo wata ƙwallo da ba ta da wani haɗari, ɗan bayan Tauraron Arewa ya yi tsalle zai fitar da ita, ta goge masa ƙeya ta wuce raga. Sun ci gida. Mai sharhi ya ce Ɗan Sheme ko da hannu huɗu gare shi ba zai kama ta ba. Zaure ya ɗauki salati.

Dada kuwa sai ta rangaɗa guɗa.

Guɗa ce cikakkiya, mai tsawo, irin wadda ba ta yi ba tun auren 'yarta Hamida. Sai da ta kai ƙarshe sannan ta ji abin da ta yi. A zaure har rediyon aka rage. Barau ya leƙo ta ƙofar zaure, da yake ƙanen miji ne akwai wasa tsakaninsu, ya tambaya ko an yi haihuwa ne ba a faɗa masu ba.

“Akuya ce ta haihu,” in ji Dada.

Barau ya dubi akuyar. Tana tsaye gindin turke tana tuƙa, ciki kamar ganga, ko alamar naƙuda babu. Ya dubi Dada, ya sake duban akuyar, ya ce Allah ya raya, ya koma.

Bakin Barau kuwa ba shi da birki, motarsa ma ta fi shi. Washegari da safe ya kira ɗan wansa don ya yi masa jaje, ya ce kada ya damu da Guduma, mutum ne kamar kowa, ko da yake shi bai yarda da hakan ba. Daga nan, don ya ba shi dariya, ya ba shi labarin cewa duk Sheme an yi baƙin ciki ban da mutum ɗaya, Dada har guɗa ta yi da ƙwallo ta shiga. Abdulgafar ya yi wa baffansa dariyar da ake yi wa manya, ya kashe waya, ya kira matarsa.

Bayan azahar Sumayya ta samu Dada a ɗaki, idonta ja. Wannan karon ba ta murza zane ba. Ta ce ya ce a faɗa wa Alhaji ya share masa wuri a rumfa, takardar ma zai mayar masu gobe, ba sai an buga da Maƙera ba. Ta maimaita maganarsa yadda ya faɗe ta: “Na san kunya. Ban taɓa cewa ta kira sunana ba. Amma guɗa ba kunya ba ce.”

Dada ta zauna bakin gado. Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta ce wa Sumayya ta tura ƙofa. Ta durƙusa ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Gwangwanayen tumatir ne guda shida, kowanne an toshe bakinsa da tsumma. Ta zazzage na ƙarshe a faifai, sai ga wake da gyaɗa da masara. Ta ce kowane gwangwani shekara ɗaya ce, kowace ƙwaya kuma ƙwallo ce da aka ci mutumin. Wake ita ce wadda aka ɗago ta sama aka sa mata kai. Gyaɗa ita ce wadda ya yi saurin faɗuwa. Masara kuwa laifin 'yan baya ce, ba nasa ba. Sumayya ta lura masara ta fi komai yawa a faifan, amma tana da hankali. Ta dai rufe baki tana dariya, hawaye na zuba.

Dada ta ce ta je ta faɗa masa abin da ta gani, shi ke nan, a bar maganar. Sumayya ta ce ba zai yarda ba, zai ce ta ƙirƙira ne don ta lallashe shi, kuma ita ba za ta iya riƙe bayanin wake da gyaɗar nan ba. Dada ta ce ita dai ba ta hira da wancan a waya, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, kuma ba yau za ta fara ba.

“Ai ba da shi za ki yi ba, Dada. Da ni za ki yi. Wayar bisa turmi kawai zan aje ta, in wani ya ji, shi ya sani.”

Dada ta auna maganar ta ga ba ta saɓa wa komai ba. Surukarta za ta koya wa tsintar hatsi, wannan kuwa ba wanda ya hana.

Suka fito wurin murhu da faifan da gwangwanin bana, don nan ne kawai Dada ke iya tunanin ƙwallo. Ta zauna kan kujerarta ta juya wa turmi baya. Sumayya ta kira, ta ce wa Baban Bilki kada ya yi magana, ya saurara kawai, ta ƙara murya ta ajiye wayar. Dada ta jera tsibinta takwas a nitse, ta sa dabino a bayan dawa, ta yi gyaran murya. Da farko muryar tana rawa.

“Kin ga shinkafar ga? 'Yan Teku ke nan, waɗanda mazan gidan ga ke kuka ba a samu ba. Dogaye ne, kamar an jera turakun rumfa. Ba su iya komi ba sai kwana da sa kai. Gida da waje sun ci mutumin ƙwallo ukku bana, duk wake. Wake goma sha ɗaya gare shi cikin gwangwanin bana. Ƙwallon sama ba ta magani, tsawo take so, shi kau tsawon ubanshi ya ɗauko. Da an haɗa su da shinkafa, da tun wasan farko kin fara share mashi ɗaki.”

Ta tura dawa gaban baƙin wake. Yanzu muryar ta zauna, ta zama irin wadda take ba masu aikin gona umarni da ita. Ta ce Maƙera gajeru ne, a ƙasa suke wasa, wasan ƙasa kuwa mutumin ba ya jin tsoron kowa. Guduman da ake ta firgita da shi, cikin goma sha tara da ya ci, goma sha huɗu iri ɗaya ce: ya ɗaga ƙafa kamar zai buga, gola ya kwanta, shi kuma ya tura ta hannun hagu a hankali kamar mai ba kaza tsaba. Direba ya faɗa da bakinsa sau goma sha huɗu, bai taɓa lura abu ɗaya yake maimaitawa ba. Gola ɗaya ne Guduma bai ci ba a bana, wani tsoho mai tumbi da ƙyuya ta hana shi faɗuwa.

“Gyaɗa biyar ce kawai bana, amma biyu daga ciki Guduma ne. Gyaɗa kau tana magani. Mutumin tun shina ƙarami gaggawa gare shi, tuwo bai huce ba ya sa hannu. In da zai tsaya bisa ƙafarshi ya ƙirga ɗaya, biyu, ya bar Guduma ya fara motsawa, to an gama da shi. Shi ya sa na ji daɗi da suka faɗo ta bakwai, kuma ta hanyar masara, ba ruwanshi. Abin da ya kuɓuce mani ke nan jiya. Ba akuya ba ce.”

Sumayya ta duba wayar ko ta katse. Can sai muryarsa ta fito, ƙasa ƙasa, ya manta an ce kada ya yi magana. Ya tambaya tun yaushe.

Dada ba ta juya ba. Ta ce wa Sumayya, in wani ya tambaye ta, ta ce tun wasan farko, wanda aka sako shi daga benci ana ruwan sama, aka ci shi huɗu, wake biyu, gyaɗa ɗaya, masara ɗaya. Ranar nan ba ta ci tuwo ba, ta ce wa Alhaji haƙori ke mata ciwo.

Sai wata murya ta faɗo daga 'yar tagar saman bango. “Yaya Alhaji, wallahi goma sha huɗu ce. Ga ta nan ina dubawa, duk hagu.”

Barau ne. Shekara shida Dada tana amfani da tagar nan, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa abin da ke shigowa ta nan yana iya fita ta nan. Zauren cike yake, an taru jajen faɗawa hannun Maƙera, kuma tun tana kan shinkafa aka kashe rediyo. Aka ji Alhaji Badamasi yana cewa maganar tsawo dai ba a yi masa adalci ba, a danginsu shi ne dogo. Wani ya ce a yi shiru a ji sauran.

Kunya ta rufe Dada tun daga kai har ƙafa. Ta yunƙura za ta miƙe, bakinta har ya fara cewa ta bar wani abu a wuta, sai ta ga ai gaban murhun take zaune, ko wutar ba a hura ba. Babu inda za ta. Ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

“Dada,” in ji wayar. Muryar ba ta Ɗan Sheme ba ce da ke daka wa 'yan baya tsawa, ta yaron da ya fasa randa ce. “Takardar na nan hannuna. Shekara biyu ce. In mayar masu, ko in sa hannu?”

Sumayya ta sunkuyar da kai. Dada ta dubi gwangwanin bana da ke gefen ƙafarta, ta ɗauke shi, ta mayar da ƙwayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya, ta toshe da tsumma. Sannan ta yi magana da surukarta, da muryar da ake maganar cefane.

“Sumayya, tumatirin nan da aka sawo, in kun ƙare da shi kada ki yar mani da gwangwanayen. Biyu nike so.”

Aka ji numfashinsa a wayar, sau ɗaya, sau biyu. Babban mutum ne, mai 'ya, dubban mutane na kiran sunansa a filin wasa, amma kuka yake yi, kuma duk wanda ke wurin ya sani. Da ya samu murya ya ce abu ɗaya ya rage, shekara shida yana jiransa. Ta sa masa albarka.

Nan fa ake yin ta. Albarka ba a aika ta ta bakin suruka, kuma ba a yi wa ɗan fari ita a gaban rabin unguwa. Dada ta dubi dabinon da ke bayan dawa. Idonta ya cika, ba ta goge ba. Ta ɗaga tafukanta biyu, har yanzu bayanta na wajen turmi, ta fuskanci bango.

“Allah ka yi wa masu tsaron gida albarka,” ta ce. “Duk na ƙasar ga, manya da ƙanana. Ka tsare masu hannuwansu da gwiwoyinsu, ka ba su haƙurin tsayuwa, ka sa iyayensu su yi alfahari da su ko ba su faɗa ba.”

Ta ɗan tsaya, ta ja hanci.

“Ban da na Maƙera.”

Amin ta fito ta taga, ta maza wajen ashirin, da ƙarfi kamar a masallacin Juma'a. Ta turmi kuwa a hankali ta zo, bayan ta kowa, dariya da kuka sun cakuɗe a cikinta. Dada ta shafa, ta ɗauki dabinon ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce wa Sumayya ta kwashe wayar nan daga kan turmi, akwai dakan da za a yi.